Kama Otal Mai Araha a Tsakiyar Gwanzu: Tambayoyi da Amsoshi

Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, shi ne birnin da fatake da yawa daga Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram ke fara sauka idan sun nufi ƙasar Sin sarin kaya. Ga tambayoyin da masu shirin tafiyar farko suka fi yi a kan masauki.

Ina ne ma tsakiyar garin?

Nan mutane da yawa ke fara ruɗewa. Birni ne mai mutum sama da miliyan 18 bisa ƙidayar 2020, kuma tsakiyarsa ba ɗaya ba ce. Akwai tsohon gari, wato gundumomin Yuexiu da Liwan, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, da manyan kasuwannin sari da masallatai. Akwai kuma sabon gari a gundumar Tianhe, wajen Zhujiang New Town, mai dogayen benaye da bankuna da ofisoshin kamfanoni. A can ɗaki ya fi tsada, kuma wanda ya zo sarin jaka ko takalmi ba shi da abin yi a wurin sai kallo.

Tsakiyar da ta shafe ka ita ce kasuwar da za ka wuni a cikinta. Kafin ka fara neman otal, ɗauki biro ka rubuta kasuwanni uku da za ka fi zuwa, ka gano tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da kowacce, sannan ka nemi ɗaki a kan layin da ya haɗa su.

Kada sunan otal ya yaudare ka. Sukan liƙa sunan wani sanannen wuri a jikin nasu alhali tsakaninsu akwai tafiya. Haka kuma Tashar Kudu, inda jiragen ƙasa masu gudu ke tashi, tana can gundumar Panyu ne a ƙarshen Layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kama ɗaki a can saboda araha kamar mai sayayya ne a Kantin Kwari ya je ya kama masauki a Wudil.

To wace unguwa ce ta dace da irin kayana?

Mai sarin jaka da kayan fata, wajen Sanyuanli da Guihuagang ne wurinsa, a kan titin Jiefang Bei. Mai takalmi da agogo, titin Zhanxi ne, dab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma a gefen tashar nan kasuwar tufafi ta Baima take. Waɗannan duk a dunƙule suke, tasha ɗaya ko biyu ce tsakaninsu, wani wurin ma da ƙafa za ka ƙarasa.

Kayan sawar mata suna Shisanhang a Liwan, masu sauƙin kuɗi kuma suna Shahe a Tianhe. Kasuwannin nan biyu da sassafe suke ci, kafin la'asar hada-hada ta yi sanyi, don haka mai zuwa can bai kamata ya kwana nesa ba. Kayan wasan yara da na ƙawata gida suna titin Yide kusa da dandalin Haizhu. Yadi da kayan ɗinki suna Zhongda, a ƙetaren kogi ta kudu, kan Layi na 8.

Idan kuwa kujeru ne ko gadaje ko tayil, Foshan ce garinka, musamman Lecong wajen kayan ɗaki. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa biranen biyu, amma idan kwana uku za ka yi kana zagayen shaguna a can, ka kwana a can. Haka mai sayen waya da kayanta da yawa: kasuwar Huaqiangbei da ke birnin Shenzhen ya nufa, jirgin ƙasan zuwa can kuma yana tashi daga Tashar Gabas da ke Tianhe.

Kowa na tambaya sai ya ce Xiaobei. Me ke can?

Abin da ke can shi ne sauƙin rayuwa ga baƙo Musulmi. Unguwa ce a Yuexiu, tana da tasharta a Layi na 5, tasha ɗaya daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tun farkon shekarun 2000 'yan kasuwa daga Afirka ta Yamma da ƙasashen Larabawa suka mayar da ita matattara, musamman wajen benen Tianxiu da layin Baohan. Gidajen abincin halal suna nan birjik, ga ofisoshin masu kago, ga tafintoci, kuma ma'aikatan otal sun saba da fasfo ɗinmu, ba sai sun tsaya suna jujjuya shi suna kiran manaja ba.

Amma a faɗi gaskiya, otal-otal da yawa a wurin sun tsufa. Za ka samu kafet mai warin taba, bango siriri, da lifta guda ɗaya da ake layin ta da kwalaye. Jama'ar Afirka ma sun ragu sosai idan aka kwatanta da shekarun baya, musamman bayan annobar korona, kuma jami'an tsaro sukan tsayar da mutum su duba fasfo. A ganina, mai tafiyar farko da ba ya jin Turanci sosai ya fara da Xiaobei. Wanda ya ɗan san gari ya matsa tasha ɗaya zuwa Taojin, ko ya koma kan Layi na 2, ya riƙa zuwa Xiaobei cin abinci kawai.

Me ya sa ake yawan ambaton Layi na 2?

Domin shi ne ƙashin bayan ɗan kasuwa. Daga arewa zuwa kudu yana bi ta Sanyuanli, tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Yuexiu Park inda babban masallacin Juma'a yake, Gongyuanqian, dandalin Haizhu, sannan Changgang inda ake canjawa zuwa Layi na 8 mai zuwa Zhongda da filin baje kolin Canton, babban baje kolin birnin. Ta arewa kuma yana haɗuwa da layin filin jirgin sama a Jiahewanggang. Kuɗin shiga yana farawa daga yuan 2 (yuan shi ne kuɗin ƙasar Sin). Ɗakin da ke tafiyar minti biyar zuwa goma daga wata tasha a layin nan ya fi ɗaki mai rabin kuɗinsa da sai ka hau tasi safe da yamma. Lissafa kuɗin tasin sau biyu a rana na mako guda, ka haɗa da awannin da cunkoso zai cinye, za ka ga inda arahar ta tafi.

Nawa zan ware wa ɗaki a kowane dare?

Farashi yana hawa yana sauka, amma a lokacin da ba a baje koli, ana samun ɗaki mai tsafta a ƙananan otal-otal masu rassa a kan kimanin yuan 200 zuwa 300. Irinsu su ne Hanting, Home Inn, 7 Days Inn da Jinjiang Inn. Sama da su kaɗan akwai Vienna, Ji Hotel da Atour, waɗanda sukan kai yuan 300 zuwa 500, kuma bambancin yana nunawa a katifa, banɗaki da natsuwa. Dala ɗaya tana wajen yuan 7, sai ka yi lissafinka da canjin ranar.

Amfanin otal mai rassa shi ne ka san abin da za ka tarar, kuma akwai wanda za ka kai wa ƙara. Ana samun ɗaki ƙasa da yuan 120 a lunguna, sai dai araha ba ta ado: galibi irinsu ne ba su da taga, kuma irinsu ne ke cewa ba su iya yi wa baƙo rajista ba.

Zan zo lokacin baje kolin Canton. Akwai bambanci?

Babba ma kuwa. Tun 1957 ake wannan baje koli, sau biyu a shekara, a yanzu a unguwar Pazhou da ke gundumar Haizhu. Na farko daga 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, na biyu daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kowanne kashi uku ne na kwana biyar-biyar, da hutun 'yan kwanaki a tsakani: kashin farko kayan lantarki da injuna, na biyu kayan gida da na gini da kayan ɗaki, na uku tufafi, takalma, jakunkuna da kayan asibiti. A waɗannan makonni kuɗin ɗaki yakan ninka, kusa da Pazhou ma ya wuce haka.

Shawarata biyu ce. Idan ba baje kolin ya kawo ka ba, kauce wa ranakun nan gaba ɗaya. Idan shi ya kawo ka, kama ɗaki tun da wata biyu ko uku, kuma kada ka nace sai Pazhou. Nemi wajen Changgang, Jiangnanxi ko Kecun, inda jirgin Layi na 8 zai sauke ka a tashar Xingangdong ko Pazhou, bakin ƙofar filin (daga Jiangnanxi sai ka canja layi a Changgang). Wasu otal-otal suna da motar da ke kai baƙinsu kyauta, ka tambaya kafin ka biya.

Akwai kuma ranakun hutun ƙasa: makon farko na Oktoba, farkon Mayu, da sabuwar shekararsu da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu. A wannan na ƙarshen masana'antu da kasuwanni sukan rufe na makonni, ko ɗaki kyauta ne babu abin da za ka saya.

Gaskiya ne akwai otal ɗin da ba ya karɓar baƙi 'yan ƙasar waje?

Gaskiya ne, kuma yana da ciwo mutum ya iso da akwatuna cikin dare a ce masa babu wuri alhali ya biya. Dalilin da suka fi bayarwa shi ne ba su da izinin karɓar baƙi, ko ma'aikacin bai san yadda ake shigar da fasfo a na'urar 'yan sanda ba. Akwai kuma ƙyamar baƙar fata, ba za a ɓoye ba. Ba a manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal a birnin nan, har shugaban majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin don jin ba'asi.

A watan Mayun 2024 ma'aikatar tsaron jama'a da ta kasuwanci da hukumar shige da fice ta ƙasar suka fito suka ce bai halatta otal ya ƙi baƙo da hujjar rashin izini ba. Sun yi hakan ne a matsayin amsa ga ƙorafin matafiya, cikinsu har da 'yan Najeriya. Doka tana bayanka ke nan, amma ba kowane ƙaramin otal ne saƙon ya ratsa ba. Don haka duba shafin otal ɗin ko an rubuta cewa yana karɓar baƙi daga kowace ƙasa, karanta sharhin waɗanda suka kwana ka ga ko akwai 'yan ƙasar waje a cikinsu, sannan ka aika musu saƙo ka ambaci ƙasar fasfonka a fili, ka ajiye hoton amsar. Idan duk da haka aka ƙi ka, kira kamfanin da ka kama ɗakin ta hannunsa tun kana tsaye a wurin. Lambar ƙorafi ta gwamnati 12345 ce, ta 'yan sanda 110.

Ina da ɗan uwa a can. Ba gara in sauka wurinsa in huta da kuɗin otal ba?

Za ka iya, amma da sharaɗi. Dokar shige da fice ta Sin, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta a yi wa kowane baƙo rajistar inda ya kwana. A otal su ne ke yi maka lokacin da ka miƙa fasfo. A gidan wani kuwa, kai da mai masaukinka ne za ku je ofishin 'yan sandan unguwa cikin awa 24. Rashin yin haka yana iya jawo tarar da ta kai yuan 2,000, kuma yana iya ɓata maka neman biza a gaba. Haka nan kada wani ya kama ɗaki da fasfonsa ku kwana ku uku. Duk wanda zai kwana sai an shigar da nasa.

Tunda ana maganar doka: wuce wa'adin biza tararsa yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa. Kuma fasfonka ya kasance a jikinka kullum. Ma'aikacin otal zai ɗauki hotonsa ya mayar maka, ba shi da hurumin riƙe shi.

Da kaina zan kama ɗakin ko in bar wa ejan?

Cikin manhajojin kama ɗaki, Trip.com ta fi yawan otal-otal na cikin Sin, Booking.com da Agoda ma suna aiki. Ejan na gari yana da amfani, musamman a tafiyar farko, amma wasu suna ɗora nasu a kan kuɗin ɗaki, wasu kuma suna ajiye ka kusa da shagunan da suke samun la'ada. Ka ce ya turo maka sunan otal ɗin, ka duba farashinsa da wurinsa da kanka. Ejan na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba.

Kama dare biyu kawai da farko, irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba. Idan wurin ya yi maka, sauko wurin masu karɓar baƙi ka ce za ka ƙara kwana goma, ka nemi ragi. Wani lokacin su sauke maka, wani lokacin farashin manhaja ya fi nasu sauƙi, sai ka kwatanta a wayarka a gabansu.

Me zan duba a ɗakin kafin in amince?

Taga tukuna. Ɗakin da ya fi kowanne araha a jerin galibi mara taga ne, kuma da ƙananan haruffa ake rubuta hakan. Gwanzu gari ne mai laima. A watannin Maris da Afrilu har bango da madubi sukan yi gumi, rigar da ka wanke ta kwana biyu ba ta bushe ba. Ɗaki mara taga a irin wannan lokaci wari yake yi, kuma ga wanda agogon jikinsa ke baya da awa 7, rashin ganin hasken rana yana ƙara dagula barci.

Sai warin taba. Nemi hawan da ba a shan taba, ka shiga ka shaƙa da hancinka kafin ka kwance kaya. Kunna na'urar sanyaya ɗaki ka ji ƙararta, buɗe famfon ruwan zafi ka jira ya zo, ɗaga zanin gado ka duba gefen katifa. Idan wani abu bai yi ba, ka koma ka nemi canji nan take, sukan canja ba gardama. Tambayi kuma ko akwai injin wanki na baƙi, domin otal-otal masu rassa da yawa suna da shi kyauta ko da kuɗi kaɗan.

Wutarsu 220 ce, amma ramin soket ɗinsu ba irin na Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa ba ne, sai ka taho da adafta. Filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Nijar yakan shiga.

Yaya ake biya? An ce ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Suna karɓa, doka ma ta hana a ƙi yuan, sai dai canji kan yi wuya domin kusan kowa da waya yake biya. Sauke Alipay ko WeChat tun kana gida ka haɗa da katin Visa ko Mastercard. Abin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, sama da haka ana cire kashi 3 cikin 100. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, don haka ka tambayi bankinka, ko ka yi amfani da katin asusun dala.

Otal da yawa suna karɓar kuɗin ajiya, yuan 100 zuwa 300, su mayar maka ranar fita. Idan da tsaba ka bayar, za su ba ka 'yar takarda. Adana ta cikin fasfo, don da ita za ka karɓi kuɗinka.

Abinci da sallah fa?

Kada ka ƙara kuɗi don karin kumallon otal sai ka tabbatar na halal ne, domin girkin wannan yanki yana yawan amfani da naman alade da kitsensa, har a cikin abin da ka ɗauka fulawa ce zalla. Haddace wannan alama, wadda ke nufin halal: 清真. Duk shagon da ka gan ta a ƙofarsa na Musulmi ne. Shagunan taliyar Lanzhou da naman sa suna kusan kowace unguwa, da sauƙin kuɗi, ga kuma gidajen abincin mutanen Xinjiang masu gasasshen naman rago da gurasa. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa. Akwai butar lantarki a ɗaki da gorar ruwa.

Butar alwala kuwa ba za ka samu ba, saka ƙarama a akwatinka tare da darduma. Kuma ka lura, alƙibla a Gwanzu yamma take, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 285. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro yana iya juya wa Ka'aba baya bai sani ba.

Juma'a ta fi cika a masallacin Xianxian, kusa da tashar Yuexiu Park, inda Musulmin ƙasar ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake littattafan tarihin Musulunci sun nuna a Madina aka binne shi. Akwai kuma masallacin Huaisheng a titin Guangta, kusa da tashar Ximenkou a Layi na 1, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, da hasumiyarsa mai tsawon mita 36.

Malam, ni mace ce kuma ni kaɗai zan yi tafiyar. Akwai abin da zan ƙara kula da shi?

Hajiya, garin yana da tsaro, mata 'yan kasuwa suna zirga-zirgarsu har dare. Abin da zan ce shi ne ki zaɓi otal da ƙofarsa ke kan babban titi, wanda akwai ma'aikaci a tebur dare da rana, kuma liftarsa ba ta tashi sai da katin ɗaki. Masu kawo kaya su tsaya a ƙasa, ki sauko ki karɓa. Idan ku biyu ne da abokiyar tafiya, ku nemi ɗaki mai gado biyu, kuɗinsa kusan ɗaya ne da mai gado ɗaya, kun raba ke nan.

Zan iya tara kayan da na saya a ɗaki?

Samfur da ƙananan ƙulli, babu laifi. Kwalaye masu yawa kuwa ka ba mai shago adireshin sito na mai kagonka ya kai can kai tsaye, da sunanka da lambarka a jikin kowane kwali. Ɗakunan ƙanana ne, kuma wasu otal-otal ba sa barin a hau da manyan kaya.

Jirgina zai sauka cikin dare. Yaya zan isa masauki?

Filin jirgin Baiyun yana wajen kilomita 30 arewa da tsakiyar gari. Layi na 3 yana zuwa can, amma jiragen ƙarƙashin ƙasa sukan tsaya wajen ƙarfe 11 na dare. Idan ka makara, bi layin tasi na hukuma ko ka kira mota ta manhajar DiDi, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa "tasi, tasi". Direbobi ba sa karanta sunan otal da haruffan boko, saboda haka ka ɗauki hoton sunan da adireshin da rubutun Sinanci, da lambar wayar otal ɗin, tun kafin ka tashi. Sanar da su lokacin isowarka don kada su bayar da ɗakin.

WhatsApp, Facebook da duk abin da ke na Google ba sa buɗewa a intanet ɗin otal. Layinka na gida idan ka buɗe masa yawon ƙasashen waje, ko layin eSIM na matafiya, yana buɗe su, kuma da shi za ka sanar da iyali ka sauka lafiya. Don neman hanya sauke manhajar taswira ta Amap, ita ce ke nuna ƙofar da za ka fita a kowace tasha. Manyan tashoshi suna da ƙofofi da yawa, fita ta wadda ba ita ba kuwa yana iya sa ka zagaye babban titi da akwati a hannu.